Wai "AI ya ce" ta fara zama hujja a gidajenmu?

Baban Ummi (Jega): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma don Allah a ba ni amsa ta gaskiya ba ta ba'a ba. Shekaranjiya ruwan sama ya hana mu zuwa masallaci sai na ja iyali sallar la'asar cikin gida, na yi mantuwa na ƙara raka'a ta zama biyar, ba wanda ya ce min subhanallahi don duk hankalinsu na wajen ruwan da ke shigowa ta ƙofa, sai da na zauna tahiya na tuna. Na sallame na yi ba'adi yadda anka koya muna tun muna yara. Ina shafa addu'a sai babban yarona, ɗan aji biyar na sakandare, ya ciro waya ya ɗan latsa ya ce wai Baba AI ya ce kafin sallama ake yin sujadar. AI ɗin nan manhaja ce cikin waya da kake rubuta wa tambaya ta ba ka amsa kamar mutum. Wallahi sai da na dube shi na sake dubin shi. Ba gyaran ne ya yi min ciwo ba, ɗa na iya gyara wa uba. Yadda ya faɗi maganar ne ya tsaya min a rai, sak yadda muke cewa "Malam ya ce" lokacin muna makarantar zaure. Uwarsu ma na lura yanzu ko ciwon kai ɗiya ta yi sai an tambayi waya kafin a tambaye ni. To ku kun yarda da abin ga? In kun yarda, har ina?

Ɗan Aliero: Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi haƙuri amma na yi dariya har da hawaye, wato liman ya samu mai gyara mishi daga cikin aljihu 😂

Baban Ummi (Jega): Na ce ban da ba'a, kai ne na farko kuma.

Malam Na Gwandu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji abin da ka yi shi ne daidai a mazhabarmu ta Malikiyya. Ragi kabli, ƙari ba'adi, in sun haɗu a rinjayar da kabli. Wajen Shafi'iyya sujadar mantuwa kafin sallama take, wajen Hanafiyya kuma bayan sallama. To ka ga na'urar ba ƙirƙira ta yi ba, maganar wasu malamai ta ɗauko ta miƙa wa yaro, ba ta tambaye shi a wace ƙasa yake ba, ba ta kuma gaya mishi akwai saɓani ba. Ka ce ya sake tambaya ya saka "a mazhabar Imamu Malik" ka gani.

Baban Ummi (Jega): Allah gafarta Malam mun yi haka jiya da dare. Nan take ya juya, wai ka yi gaskiya ina neman afuwa, ya kawo ba'adi da bayani mai kyau. Sai ni kuma na karɓi wayar don gwaji na rubuta mishi a'a kabli ne. Ya sake ba ni haƙuri ya fara lallaɓawa yana neman hanyar da zai yarda da ni. Nan ne jikina ya yi sanyi. Duk inda ka tura shi nan yake faɗuwa, irin mutanen nan na fada da ko sarki ya ce rana baƙa ce sai su ce ƙirin kuwa ranka ya daɗe.

Malam Na Gwandu: Ai shi ke nan matsalar. Ibn Sirin cewa ya yi wannan ilimi addini ne, ku duba wajen wa kuke ɗaukar addininku. Ni malamina na san shi, na san wajen wanda ya yi karatu, na ga yadda yake salla na ga yadda yake ciniki a kasuwa. Kuma sau nawa na kai mishi mas'ala ya ce ban sani ba, bari in duba ka dawo gobe. Wannan "ban sani ba" ɗin ita ta sa na yarda da sauran maganarshi. Wanda bai taɓa ce maka bai sani ba, da me za ka auna ranar da ya sani?

Ɗalibi (Kalgo): Iyayena ku ba ni dama in sa baki, kwamfuta nake karanta. Abin nan ba wani littafi ne a cikinsa da yake buɗewa ya duba ba. Rubutu aka tara mai yawan gaske, galibi daga intanet, aka horar da shi a kai har ya ƙware wajen cankar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Kamar in na ce "Allah ya ba da" tun ban ƙarasa ba bakinka ya kawo sa'a ko lada ko haƙuri. Shi ya sa maganarsa take fita sumul ko daidai ce ko ba daidai ba, muryar ɗaya ce, ba ya in'ina in ya zo inda bai sani ba. Bayan wannan horon kuma an sa mutane suna ba amsoshinsa maki, su kuma mutane sun fi son amsar da ta yi musu daɗi, daga nan ya koyo wannan saurin ba da haƙurin da Baba ya gani. Sannan ku tuna AI ɗin da ake kira ChatGPT ƙarshen Nuwamba 2022 ya fito, na cikin WhatsApp kuma 2024 ya iso Najeriya, duka-duka yaushe aka haife shi. Abin da ya karanta kuma Turanci ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, Hausa ɗan kaɗan ce, irin tamu ta nan Kabi da Sakkwato da Zamfara kuwa mai "munka" da "sunka" kusan babu ita.

Ɗan Aliero: Wato dai ɗan canki-canka ne mai digiri.

Ɗalibi (Kalgo): Kawu cankarsa tana faɗawa daidai sau da yawa fa, kar a rage masa.

Hajiya 'Yar Kamba: Ni dai ku bar ni in faɗi tawa, don na ga duk kun taru a kansa kamar an kama ɓarawon akuya. Ni abin nan ya yi min rana. Kun san kasuwancina rabi tsallake yake, Gaya da Malanbil har Kwatano, kuma waɗanda nake sayen kaya wajensu a Kwatano ba Hausa ba Zabarmanci sai Faransanci. Shekara da shekaru tafinta nake biya, kuma Allah ya gani ban san abin da yake faɗa musu ba, ban san abin da suke faɗa mishi ba, sai daga baya na gano ashe kowane dila yana ɗora nashi a kai ya ce min haka suka ce. Mutum ne fa, na san gidansu, na je sunan 'ya'yanshi. Yanzu na rubuta da Hausa ko ɗan Turancina ya juya min Faransanci in tura, su ma in sun aiko ya juyo min. Wani lokaci Hausarshi kamar ta baƙo ce amma ina gane farashi ina gane ranar lodi. To ku gaya min, tsakanin wanda ba shi da kunya da wanda yake da kunya amma ya ajiye ta a gida, wa ya fi cuta ta?

Baban Ummi (Jega): Hajiya wannan magana taki ta yi nauyi, ban da ta cewa.

Malam Na Gwandu: Hajiya ba mu ce haram ne ba. Fassarar ciniki daban, fatawa daban. In ya yi kuskure a farashi za ki gani ran da kaya sunka iso. In ya yi kuskure a rabon gado fa, ya ba matar mamaci rubu'i alhali akwai 'ya'ya kuma sumuni ne haƙƙinta, wa zai gani? Sai an je can.

Hajiya 'Yar Kamba: Allah gafarta Malam na yarda da wannan. Lissafin sefa ma ba na bar mishi, ɗan canji nake kira don kuɗin yana motsi kullum.

Mai POS (Bayan Kara): Bari in ba ku labari daga bakin tebur. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, mutanen da sunka rantse ba za su taɓa yarda da tiransifa ba sun dawo suna yi dole, har mai ƙosai da mai kifi. Amma ku lura da abu ɗaya, har yau dattijon ƙauye in ya zo cire kuɗi ba na'urar yake kallo ba, fuskata yake kallo. Akwai wanda yake wuce masu POS huɗu ya zo wajena, cajin kuma ɗaya ne, don kawai ya san babana. In netwok ya riƙe kuɗi, an cire mishi bai fito ba, ba ruwanshi da wani banki ko kamfani, ni zai riƙe. Kuma gaskiyarshi. Ni ma in na kira lambar masu kula da kwastoma aka haɗa ni da wannan mai amsawa da kanshi, danna ɗaya danna biyu, ya riƙa maimaita min magana ɗaya kamar aku, wallahi ji nake kamar in jefar da wayar. Kwana tara na taɓa yi ina bin kuɗin wani bawan Allah, ranar da na samu mutum mai rai ya ɗauka a ranar anka warware. To ni a ganina mutanenmu ba su taɓa yarda da na'ura ba, da mutumin da ke tsaye bayan na'urar suke yarda. Wannan na cikin waya kuwa ka leƙa bayanshi ba kowa.

Ɗalibi (Kalgo): Yaya akwai kowa, kamfani ne. A Kanada ma wani ya kai kamfanin jirgin sama na Air Canada ƙara saboda mai amsa tambayoyin shafinsu ya ba shi bayanin rangwamen tikiti da ba daidai ba, kamfanin ya so ya zame ya ce ba ruwansa da abin da na'urar ta faɗa, a 2024 aka ce a'a taku ce, ku biya shi.

Mai POS (Bayan Kara): Wannan Kanada kenan ƙanena. Manomin Bunza in abin ya ɓata mishi gona wace kotu zai je, ya ce yana ƙarar wa?

Ɗan Aliero: Yauwa ka zo inda nake jira. Ranin da ya wuce ganyen albasata ya fara bushewa daga sama yana yin fari-fari, ɗan ƙanena ya ɗauki hoto ya tura wa ɗaya daga cikin manhajojin nan. Ya kawo sunan cuta ya kawo sunan magani har da yawan da za a zuba a hekta. To mu wa ke awo da hekta? Mu murfin kwalba muka sani da famfon goyo mai lita 16. Munka ce ya juya muna zuwa murfi, ya ba da lamba ba ko tantama, alhali bai taɓa ganin murfin ba bai san girmanshi ba. Washegari yaron ya sake tambaya daga tashi wayar, ya ba da wata lamba daban. Na ce to ɗayan biyun nan ƙona min albasa zai yi. Na tafi wajen mai shagon maganin feshi, shi kuma gogan naka abin da ya yi mishi kwantai a shago shi ya fara yaba min. Ƙarshe dai zama munka yi da yaron munka karanta takardar jikin kwalbar layi-layi, munka samo sirinji na kemis munka auna. Albasa ta tashi alhamdulillahi, amma ban san wa zan gode wa ba tsakanin su ukun.

Ɗalibi (Kalgo): Kawu amma sunan cutar ya faɗa daidai ko?

Ɗan Aliero: Malamin gona da ya zo daga baya ya ce kusan haka ne.

Ɗalibi (Kalgo): To ka gani. Laifin na tambayar ne, da an gaya masa murfin mililita nawa yake ci da ya ba da daidai.

Ɗan Aliero: Kai yaro, in na san mililita nawa murfin yake ci me zai kai ni tambaya? Ku 'yan boko kullum in abinku ya kasa sai ku ce mu ne ba mu iya ba. Mai hankali in an tambaye shi abin da bai gani ba cewa yake wane irin murfi, nuna min.

Ɗalibi (Kalgo): Ka yi haƙuri Kawu ba haka nake nufi ba. Kuma maganarka gaskiya ce, tambayar da ya kamata ya yi kenan.

Admin: A riƙa sassautawa jama'a, muhawara ce ba dambe ba.

Anti Nas: Sannunku. Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo ya fi hamsin. Ni abin nan ya raba min hankali biyu, bari in ba ku guda biyu da na gani da idona ku yi hukunci. Wata ta zo da yaro yana zazzaɓi kwana huɗu, tana ta ba shi farasitamol don waya ta gaya mata adadin da za ta ba shi gwargwadon nauyinshi, kuma lissafin ba laifi, ita ce dai ba ta san nauyin yaron ba ta yi kirdado. Zafin ya sauka ya dawo ya sauka ya dawo, ashe maleriya ce tana cin shi, sai da ya fara suma anka kawo shi. Na karɓi wayar na duba, a ƙasan amsar ya rubuta in zazzaɓin ya ci gaba a je asibiti a yi gwaji, amma wa ke karanta ƙasa? Ta samu abin da take nema a layin farko ta rufe. Na biyu kuma wata mai ciki ce wata bakwai ta fara ganin jini, kunya ta hana ta gaya wa uwar miji, ta hana ta gaya wa mijin ma, cikin dare ta rubuta wa abin nan. Ya ce mata wannan ba abin jira ba ne ki tafi asibiti yanzu. Ta nuna wa mijin, ko musu bai yi ba ya nemo mota. Mu fa shekara nawa muna faɗin wannan maganar a wajen awo har muryarmu ta dushe, mazan ba sa ji, amma da waya ta faɗa sai ga shi da gudu. Na yi murna ta tsira ita da ɗanta, amma wallahi abin ya ɗan sosa min rai.

Hajiya 'Yar Kamba: Allah ya saka muku Anti. Kuma kin taɓo abin da maza ba za su gane ba. Mace tana da tambayoyin da ba za ta iya kai wa malam ba, ba za ta iya kai wa likita namiji ba, in ta gaya wa ƙawa gobe unguwa ta ɗauka. Shi wannan bai san ta ba, bai san mijinta ba, ba ya zuwa biki. Ku kuna cewa ba ku yarda da shi ba don ba ku san gidansu ba, mu kuma wani lokacin don bai san gidanmu ba ne muke sakin jiki da shi.

Mai POS (Bayan Kara): Kai, Hajiya yau da shiri kika zo.

Ɗalibi (Kalgo): Hajiya a nan kam zan ɗan ja miki birki. Ba ya zuwa biki amma abin da kika rubuta ba ɓacewa yake ba, yana zuwa kwamfutocin kamfanin a ajiye, wasu ma suna amfani da hirar wajen ƙara horar da shi in ba ki shiga saiti kin hana ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci Meta, kamfanin da ke da WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 a kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan. To a yi tambaya, amma ban da suna, ban da lambar asusu ko BVN ko NIN, ban da hoton takardar asibiti mai suna a jiki.

Hajiya 'Yar Kamba: Innalillahi. Ni da na tura mishi hoton rasit har da lambar waya. To shi ke nan an wuce wurin, Allah ya tsare gaba.

Baba Mai Ritaya (Argungu): 'Ya'yana na karanta duka, jikata ce ke rubuta min don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ni na ga abubuwa da yawa sun zo an ƙi su daga baya an rungume su. Muna yara in rediyo ya faɗi magana ta zauna, "a rediyo na ji" ta ishe ka hujja a majalisa, sai da muka girma muka gane shi ma rediyon mutane ne ke magana a ciki kuma kowa da wanda yake yi wa aiki. Allurar shan inna a 2003 an dakatar da ita a wasu jihohin arewa saboda rashin yarda, ba wani sabon inji ne ya dawo da mutane ba, sarakuna da malamai ne sunka fito sunka ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a, har aka kai 2020 aka ce ƙasar ta rabu da cutar ta asali. Haka da Buhari ya zo Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa, aka ce sai da asusun banki da dangwala yatsa, na san dattawan da sunka ce su ba za a ɗauki yatsunsu ba, amma da sunka ga taki da iri a gonar maƙwabci da kansu sunka bi layi. Mutumenmu ba ƙin sabon abu yake ba, jira yake ya ga wanda ya sani ya taka bai faɗa ba. Abin da ya bambanta wannan na yanzu shi ne yara ne sunka fara takawa, manya na baya. Da can uba ke gwada abu ya miƙa wa ɗa. Shi ya sa Alhaji na Jega ya ji abin a ranshi, ba don kabli da ba'adi ba ne.

Baban Ummi (Jega): Baba Allah ya ƙara girma, kamar ka shiga zuciyata.

Surukinku Na Gusau: Gaisuwa surukaina. Ni nawa tsoron daban ne. Satumba 2021 da anka kashe sabis ɗin waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, mun ga abin da ba mu taɓa zato ba. Ba kira ba tiransifa, POS ya zama abin wasan yara, mai kuɗi a asusu yana neman bashin kwanon masara, in kana son gaya wa ɗan'uwanka rasuwa sai ka ba direba takarda ko ka yi doguwar tafiya neman inda sabis yake. A nan Gusau kusan wata guda muka yi, wasu ƙananan hukumomin sun fi haka daɗewa. Wanda ya iya lissafi da ka, wanda ya haddace lambobi, wanda mai shago ya yarda da shi ya ba shi bashi da baki, su sunka ji sauƙi. To in yaro ya saba komai sai ya tambayi waya, har sallarshi, ranar da anka kashe fa? Mu mun san ana kashewa, ba labari anka ba mu ba.

Mai POS (Bayan Kara): Ga kuma 'yan damfara da sunka samu sabuwar riga. MMM ta kwashe kuɗin mutane ƙarshen 2016 ba a yi hankali ba, 2025 ga CBEX, wai AI ne ke juya maka kuɗi ya ninka cikin wata guda, ta rufe cikin Afrilu mutane na kuka. Ni da hannuna na tura wa wasu kuɗinsu can, ina ba su shawara suna ce min kai ba ka waye ba kwamfuta ba ta kuskure. Kalmar AI ɗin nan kawai ta isa ta kwance wa wasu aljihu. Yanzu har muryar mutum ana kwaikwaya, ka ji kamar ɗan'uwanka ne yake cewa a turo mishi kuɗi.

Anti Nas: Mu a gidanmu mun yi doka, duk wanda ya aiko saƙon murya yana neman kuɗi sai an kira shi an tambaye shi sunan da kakarmu take kiranshi da shi.

Ɗan Aliero: Jama'a yanzu na yi mishi jarrabawa. Na ce yaushe anka ƙirƙiro jihar Kebbi ya ce 27 ga Agusta 1991, daidai. Na ce wa ya kafa daular Kabi ya ce Kanta har ya ambaci Surame, na ce madalla. Sai na tambaye shi tarihin ƙauyen kakannina wanda ko taswira ban tabbata ta san shi ba, wallahi ya zubo min sarakuna uku da sunayensu da shekarun da sunka yi, ko ɗaya ba mu taɓa ji ba, kuma da muryar da ya faɗi 1991 da ita ya faɗe su.

Ɗalibi (Kalgo): Shi ne abin da nake faɗa tun farko Kawu. Har lauyoyi ya taɓa yi wa haka a Amurka a 2023, ya ƙirƙiro musu shari'o'in da ba a taɓa yi ba suka kai gaban alƙali ba su duba ba, aka ci su tarar dala 5,000. Ni yadda nake yi, abin da zan iya dubawa da kaina nake ba shi, wasiƙa, fassara, bayanin darasin da ban gane ba a aji. Abin da in ya yi kuskure ba zan gane ba kuma zai cutar, wannan sai na ji daga bakin mutum.

Malam Na Gwandu: Wannan kusan ita ce ƙa'idar da ke cikin Suratul Hujurat, in labari ya zo muku daga wanda ba a amince da shi ba ku bincika. Ba a ce a jefar ba, an ce a bincika. Alhaji ka turo min yaron nan ran Alhamis bayan magariba, da wayar tashi, mu zauna mu ukun.

Baba Mai Ritaya (Argungu): Ɗalibi jikana, ka ce yana rubuta wasiƙa? In ka shigo Argungu ka biyo ka sa min shi, akwai takardar fansho da nake son rubutawa, mai buga min a bakin kasuwa ya ƙara kuɗi.

Ɗan Aliero: Shi ke nan mun rasa Baba 😂

Baban Ummi (Jega): Malam in sha Allahu zai zo. Na ba shi wayata ya karanta muhawarar ga tun daga sama, ya yi shiru, sai ya ce wai in tambayi Ɗalibi tsakaninshi da Allah, dogon bayanin nan da ya yi na cankar kalma, shi ya rubuta ko AI ya rubuta mishi?

Ɗalibi (Kalgo): Baba ka ce masa ni na rubuta. Shekarun ne kawai na tambaya, kuma na sake dubawa a wani wuri kafin in turo.

Ɗan Aliero: Wani wurin ma ai cikin wayar yake.

Hajiya 'Yar Kamba: Ku dai ku ci gaba, ni lodi gare ni da asuba. Mai POS ka duba min alat ɗin nan na ɗazu, har yanzu bai shigo ba.